BA'INDIYEN HOUSTON

Shafi na 19

Takalminsa ta fara lura da shi kafin fuskarsa. Kowa a gidan nan idan ya cire nasa a bakin ƙofa, barinsa yake yadda ya faɗi. Shi kuwa Tajuddeen sai da ya sunkuya ya haɗa ƙafa biyun wuri ɗaya, ya juya bakinsu wajen lif, sannan ya miƙe ya yi sallama. Najiba na riƙe da ƙofa tana kallonsa.

"Ka makara," ta ce da shi a hankali, da Turanci.

"Mai gadi," ya amsa da karyayyiyar Hausarsa, kafin ya koma harshen da ya iya. "Tambayata ya yi ko AC na zo gyarawa. Wai in zagaya ta baya in hau lif ɗin ma'aikata. Sai da na nuna masa saƙonki."

Ya yi murmushi, irin na wanda abu ya daina ba shi haushi ya koma gajiyar da shi kawai.

Ita ta koya masa kalmar, a shagon mamak, irin gidan shayin Indiyawa Musulmin Maleshiya, a unguwar Bukit Jalil, inda suke shan shayi idan ta fito daga lakca shi kuma ya tashi daga ofis. Mai gadi, mai shayi, mai wanki. A shagon nan ne kuma Hafsatu maƙwabciyarsu ta gan su, labari ya riga Najiba isowa gidan yayanta a unguwar Wangsa Maju. Yaya Sharfaddeen bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ki ce ya zo Lahadi in gan shi. Ba wanda zai ji a Kano sai na gan shi. In bai yi mini ba, ke ma kin san sauran."

Ta san sauran, Kano zai mayar da ita. Zango ɗaya ya rage mata ta gama digiri na biyu, kuma a ƙarƙashin inuwar Yayan take zaune a ƙasar nan.

Akwai kuma abin da ita kaɗai ta sani. Tajuddeen ya daɗe da sanar da mahaifiyarsa. Ranar da ya tambaye ta ita fa, sai ta dubi kofin shayinta ta ce, "Umma ta sani, tana ta addu'a." Rabin maganar gaskiya ne. Umma kullum cikin addu'a take.

Anti Khaulah, matar Yaya, ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zani. Tun safe take rawar jiki. Tana ganinsa ta haɗa tafukanta a ƙirji ta karkata kai.

"Namaste!"

Najiba ta runtse ido.

"Wa alaikumus salam, Anti," in ji Tajuddeen. "Ina wuni."

"Laa! Har Hausa ya iya!"

Sai ta ɓarke masa da Indiyanci, wanda ta kwaso a finafinai tun tana 'yar sakandare. Ya tsaya yana kallon bakinta har ta kai aya, sannan ya juyo wajen Najiba.

"Me ta ce?"

"Wai barka da zuwa, gida naka ne."

"Ki ce na gode. Ban iya Hindi ba."

Anti Khaulah ta saki baki. "Bai iya ba? To wane irin Ba'indiye ne wannan, Najiba? Ko dai jabu aka ba ki?"

"Anti, don Allah. Iyayensa 'yan Kerala ne, can kudancin Indiya, yarensu daban. Shi a Houston ta Amurka aka haife shi."

"Duk dai Indiya ce lah," ta ƙarasa da salon maganar mutanen Maleshiya.

A falo Yaya Sharfaddeen na zaune da jallabiya da hula, irin zaman da yake yi idan ɗalibi ya zo kare bincikensa a gabansa. Tajuddeen ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ta koya masa, gwiwarsa ta ce ƙas. Yaya bai yi gaggawar cewa ya tashi ba.

"Malam Tajuddeen," ya ce da Turancinsa na aji. "Sunan yanka ne, ko na musulunta?"

"Ban gane ba, Dakta."

"Yaushe ka shiga Musulunci?"

"A ciki aka haife ni. Masallacin ƙauyen kakana ya girmi Amurka."

Yaya ya gyaɗa kai, irin na wanda aka faɗa wa magana ya ajiye ta gefe sai ya bincika. Wayarsa ta ɗauki kiran sallar magariba. Ya tashi ya shimfiɗa dardumai, sai ya ja da baya ya nuna ta gaba.

"Bismillah. Ja mu."

Najiba ta san ba haka yake yi wa baƙi ba. Shi ne kullum mai cewa a gidan mutum ba a shiga gabansa. Tajuddeen ma ya gane, ta gani a yadda ya ɗan tsaya kafin ya taka dardumar. Ya yi kabbara.

Karatunsa ba shi da ado. A nutse yake, harafi bayan harafi. Da aka sallame Anti Khaulah ta zunguri Najiba ta raɗa mata, "Wallahi ya fi yayanki fitar da haruffa."

"Anti, zai ji ki."

"Ya ji mana."

Aka shimfiɗa ledar cin abinci a kan kafet. Tuwon shinkafa, miyar kuka da aka yi da kukar da Umma ta aiko, ga naman sa an daddatsa shi manya yana iyo a man shanu. Wannan kular Anti Khaulah ta tura gaban mijinta. Gaban baƙo kuwa ta ajiye wata 'yar ƙarama, miyar alayyafo zalla, ko ƙashi babu, da wake dafaffe a gefe.

"Ka kwantar da hankalinka," ta ce da shi cike da alfahari. "Tukunya daban, ludayi daban. Ko kilishinmu na ɓoye a ɗaki don kar ka gani ranka ya ɓaci."

Tajuddeen ya dubi alayyafon. Ya dubi kular Yaya. Ya sake duban alayyafon.

"Anti, me ya sa raina zai ɓaci?"

"Ai na san ku da saniya."

"Yanzun nan na ja ku salla, Anti."

"Eh, amma ai jini ba ya ƙarya."

"Ni ɗan Texas ne. A garinmu in ba a yanka sa ba, ba a yi taro ba."

Dariya ta kufce wa Yaya ta hanci, ya yi maza ya mayar da ita tari. Anti Khaulah ta ja kular naman tana salati ta juye masa kusan rabi. "Makan, makan! Ci, ci! Wayyo, ashe yunwa zan kashe bawan Allah da ita."

Ya ci. Ya ci da hannu, ya lashe yatsu, ya yaba miyar, da aka ce a ƙara masa ya ce a ƙara. A nan Najiba ta tuna abin da ta manta. Ta koya masa durƙuso, ta koya masa kada ya miƙa wa Anti hannu, ta koya masa kada ya kira sunan Yaya gatsau. Ba ta gaya masa cewa mai neman aure ba ya sakin ciki a gidan surukai ba, taɓawa yake ya janye hannu ya ce alhamdulillahi.

Yaya ya kalle ta ya ce da Hausa, ba tare da ya motsa fuska ba, "Malmala ta uku ke nan."

"Bai sani ba ne, Yaya."

"Na ga alama."

"A wajensu in ba ka ci da yawa ba, ka raina mai girki."

"A wajen su wa? Indiyawan ko Amurkawan? Ni har yanzu ban gane wanne aka kawo mini ba."

Tajuddeen ya ɗago. Bai ji Hausar ba, amma ya ji sunayen ƙasashen biyu, kuma ya san tambayar tun yana yaro. Ya goge hannunsa.

"A Houston tambayata suke ina ne asalina, Dakta. Da na je Kerala ina yaro, 'yan uwana suka ce ga Ba'amurke ya zo, ku tafasa masa ruwa. A nan kuwa in na tsaya a bakin titi sai mutum ya buɗe bayan motata ya shiga ya faɗa mini unguwar da za shi. Duk wanda ka zaɓa, zan amsa."

Fanka na juyawa a sama, can waje jirgin ƙasa na LRT ya wuce.

"Ina kuka haɗu?" in ji Yaya.

"A ƙofar wani gidan haya a Bukit Jalil. Ta rako ƙawarta Firdausi neman ɗaki, ni ma ina nema. Dillalin ya dube su ya ce mai gidan ba ya ba 'yan Afirka. Ya dube ni ya ce ba ya ba Indiyawa. Da ya ji Turancina ya ga fasfo, sai ya ce a'a, ni ban da ni. Na ce na fasa. Muka sauko a lif ɗaya, da muka isa ƙasa sai Najiba ta ce, da ka karɓa, ɗakin yana da iska."

Anti Khaulah ta yi dariya har da tafi. Najiba ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta.

Yaya bai yi dariya ba. Ya ture kwanonsa gefe ya gyara zama.

"Malam Tajuddeen, bari in yi maka magana ta maza. Shekara tara ina ƙasar nan. Na koyar da Indiyawa, na yi aiki da su, na zauna da su a bene ɗaya. Na san yadda kuke kallon baƙar fata. A tsakaninku ma wanda ya fi haske shi ne ɗan gata. Kuma na san ku ba ku zaɓar wa kanku mata, uwa ce ke zaɓa. Ba zan bari ka ɓata wa ƙanwata lokaci ba, ranar da uwarka ta aiko da hoton wata fara mai gashi har gadon baya, ka ce a yi haƙuri."

"Yaya…"

"Ke, ba da ke nake ba." Ya koma kan baƙon. "Mahaifiyarka ta san da ita?"

"Ta sani."

"Ta san 'yar Najeriya ce?"

"Ta sani."

"Ta ga launin fatarta? Da idonta?"

Tajuddeen ya sa hannu a aljihu. Ya ciro wayarsa, ya ɗan lalubo, ya miƙa da hannu biyu. Hoton ƙofar firij ne a wani kicin mai haske. Tsakanin jadawalin lokutan salla da hoton wani jariri, ga hoton Najiba an maƙale, da jan mayafin da ta saka ranar ƙaramar salla.

"Mahaifiyata ce ta wanko shi da kanta," in ji shi. "Ba zan yi maka ƙarya ba, Dakta, akwai gwaggona da ta faɗi maganar da ba zan maimaita ba. Mahaifiyata ta daina ɗaukar wayarta har yau. Abin da kake tsoro akwai shi a danginmu. Amma ba a ɗakin uwata ba."

Sai ya jawo 'yar jakar da ya shigo da ita ya fito da wani ƙaramin akwati, jan kyallen da aka lulluɓe shi da shi duk ya koɗe. Ya ajiye shi a gaban Yaya, ba a gaban Najiba ba. Wannan kam ya tuna.

"Mahaifiyata ta ce in kawo wa babban Najiba na nan. Na aurenta ne. Ta ce ba sadaki ba ne, ba komai ba ne, don dai a san akwai uwa a bayana. Mahaifina kuma ya ce duk ranar da ka sa, zai kira ka, ko ya hau jirgi."

Yaya ya buɗe. Awarwaro ne guda biyu na zinare, sirara, duk sun sha hannu. Ya daɗe yana kallonsu. Anti Khaulah ba ta jira izini ba, ta zari ɗaya ta kamo hannun Najiba ta zura mata.

"Kamar an auna! Wayyo Allah, Najiba, dama haka ake yi a fim, uwar miji ta…"

"Khaulah."

"Na yi shiru."

Yaya ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. Najiba ta san wannan shafar. Ita yake yi idan ɗalibin da ya yi niyyar kayarwa ya amsa daidai.

"To," in ji shi. "Mu dai a wajenmu ba ni ne ƙarshe ba. Akwai manya a Kano."

"Na sani," in ji Tajuddeen, fuskarsa ta saki a karon farko. "Najiba ta ce Umma ta riga ta sani, tana mana addu'a. Mahaifiyata kullum tambayata take yaushe za su gaisa."

Yaya ya juyo a hankali ya dubi ƙanwarsa.

Ba ta ɗago ba. Awarwaron ya yi mata nauyi a hannu.

"Haka kika ce masa?" ya tambaya da Hausa.

"Yaya, zan faɗa mata. Lokaci nake jira."

"Wata nawa kina jiran lokacin?"

A daidai nan wayar Anti Khaulah ta ɗauki ruri a kan kujera. Duk ranar Lahadi, idan Umma ta idar da azahar a Kano, sai ta kira ta ga fuskokinsu. Yau duk sun manta. Anti Khaulah kuwa hannunta ya riga tunaninta, ta danna.

"Assalamu alaikum, mutanen Maleshiya!" Muryar Umma ta cika falon. "Khaulatu, kin yi ƙiba. Ina mijin naki? Ina 'yar autata? Juyo da ita in gan su."

"Ga su nan, Umma, abinci muke ci."

Ta juya wayar. Ta bi ta kan Yaya, ta bi ta kan kuloli, ta bi ta kan Tajuddeen kafin ta iso kan Najiba.

Shi kuwa yana jin an ce Umma ya miƙe tsam. Ya gyara wuyan rigarsa, ya sake kai gwiwa ƙasa, yana fuskantar wayar. Najiba ta ga leɓɓansa na motsi. Ta san me yake bita. Sati nawa yana sa ta maimaita masa a shagon mamak: ina wuni Umma, mun same ku lafiya, ya gida, ya iyali.

"Tsaya, tsaya," in ji Umma. "Koma baya. Wane ne wancan Ba'indiyen a falonku?"

Anti Khaulah ta dubi mijinta. Yaya ya yi gyaran murya, ya buɗe baki, kuma daga yanayinsa Najiba ta ga magana ce zai yi mai sauƙi, irin ta share hanya. Ta gani sarai. Amma fuskar Umma na cike da allon wayar, da tabaronta, da carbinta a wuya, kuma tun da Najiba ta yi wayo ba ta taɓa furta sunan namiji a gaban wannan fuskar ba. Bakinta ya riga na Yaya.

"Mai gyaran AC ne, Umma."

Maganar ta fita ƙarama, amma ta isa ko'ina.

Yaya ya rufe bakinsa.

"Allah sarki," in ji Umma. "Har Lahadi ma ba sa hutawa. Ga shi da ladabi, ya wani durƙusa. Khaulatu, ku zuba masa abinci ya tafi da shi, amma kada ku sa nama, ba sa ci."

"To, Umma," in ji Anti Khaulah da wata murya da ba tata ba.

Najiba ba ta so ta kalle shi ba, amma ta kalla. Yana nan a durƙushe. Leɓɓansa sun daina motsi. Bai ji yawancin abin da aka ce ba, sai dai ya san kalmar mai, ita ta koya masa, AC kuwa ba ya buƙatar tafinta. Ba fushi a fuskarsa. Murmushin nan ne na bakin ƙofa ya ɗan zo ya tsaya, sannan shi ma ya tafi.

Ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya ɗauki kwanonsa ya ɗora a kan tire, ya gyara cokalin miya da ya karkace. Ya ɗan russuna wa Yaya, ya russuna wa Anti. Akwatin jan kyallen yana nan a buɗe da ɗaya awarwaron a ciki, bai taɓa shi ba.

"Riƙe wayar nan, Najiba, in gan ki da kyau," in ji Umma. "Kin rame. Karatun ne?"

Anti Khaulah ta damƙa mata wayar. Najiba ta ɗaga ta, mayafi ya zame daga tsintsiyar hannun.

"Ke, mene ne wannan a hannunki? Matso da shi. Ikon Allah, wannan ai tsohon zinare ne, ba na kasuwa ba."

A bayanta ta ji ƙofa ta buɗe. Ba a buga ta ba, a hankali aka mayar da ita har ta ce ƙyas.

Najiba ta miƙe da wayar a hannu, ta taka ledar abinci, ta isa ƙofar ta buɗe. Silifas ɗin Anti na nan a kife, takalmin Yaya ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Inda nasa yake ɗazu babu komai, sai tayil. Ba a gaban lif ɗin baƙi fitila ke ci ba. Can ƙarshen baranda, ƙofar lif ɗin ma'aikata ce ke rufewa.

"Najiba, magana nake miki," in ji Umma daga cikin tafin hannunta. "Wa ya ba ki awarwaron nan?"